Notin Da Ya Tsaya Tsakaninsa Da Muryar Inna

Akwai wani direban babbar mota da ake kira Dogo. Mahaifiyarsa ta rasu yana kan hanya, wata uku ke nan ba ya ɗaga kiranta saboda ta yi masa faɗa a gaban matarsa. Da ya iso an riga an rufe ta. Babu abin da ya tarar sai tabarmarta da carbinta.

Ƙanwarsa Auta ta miƙo masa tsohuwar wayar Inna. Ta ce, “Yaya, ana gobe za ta rasu ta sa na danna mata, ta yi maka magana a ciki. Ta kore ni waje, ban ji me ta ce ba. Kafin a tura maka wayar ta faɗa ruwa, tun lokacin ba ta kawo wuta ba.”

Dogo ya kasa cin abinci. Yafiya ce a ciki, ko Allah ya isa? Ya ɓalle bayan wayar da kansa, ya sa tsinin wuƙa ya kwance notuna biyar. Na shida, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar yashi, ya yi tsatsa ya ƙi motsi. Ya yi ta murɗa shi da ƙarfi har kan notin ya cinye.

Ya tafi shagon wani mai gyara da ake wa laƙabi da Sai Gobe, don ba ya sauri.

Sai Gobe ya duba da gilashi, ya ce, “Wa ya yi wannan aikin, mahauci?”

“Ni ne. Don Allah ka fasa wurin kawai.”

“Tayar mota ka ɗauka? Abin da ke riƙe da muryar yana daf da notin nan. Hannuna ya goce kaɗan, shi ke nan ta tafi.”

Dogo ya durƙusa a ƙasan shagon, ƙato da shi, yana kuka. “Malam, ban san da me ta bar ni ba.”

Sai Gobe ya jawo wayar gabansa. Ya ɗiga wani ruwa a kan notin, ya jira. Ya ɗumama wurin, ya sake jira. Ya shimfiɗa siririyar roba a kai, ya dafa sukudireba. Ta zame. Ya sake, ta kuma zamewa. Aka kira azahar, aka kira la’asar, Dogo na tsaye yana zufa.

Can ya ga mutumin yana murɗawa dama. Ya riƙe masa hannu. “Ɗaure shi kake yi!”

“Sake ni. Wanda ya ƙafe, sai ka fara binsa ta inda yake so, sannan ya biyo ka.”

Ya matsa dama kaɗan, aka ji ƙas. Ya juyo hagu a hankali, notin ya taso. Ya goge tsatsar da ke ƙarƙashi, ya sa wani batir. Wayar ta yi haske.

Muryar Inna ta fito a gajiye: “Auta, ya kama? To fita. Babana, kai ne dai da dogon fushi kamar mai sunanka. Ni tun a ranar na huce. Ka rage gudu a hanya. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe min.”

Dogo ya ce, “Na yafe, Inna.” Wayar ta yi shiru, ba mai amsawa.

Darasi: Abin da ya ƙafe, ƙarfi ƙara lalata shi yake yi, haƙuri ne ke kwance shi. Kuma ba kowa ake bar wa saƙo ba, ni tawa mahaifiyar ta tafi ba ta bar min ba. In taka tana raye, kira ta yau. Ku tura wa wanda kuka san yana fushi da gida, ku taya mu cewa: Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa sun tafi suna masu yafe mana. Amin.