Tsohuwar Laftof ɗin Hajiya Raudatu

Akwai wani Alhaji Abdulbaƙi a Nasarawa GRA, mutumin kirki ne, amma fa yana da hali ɗaya: abu ya kwana biyu a hannunsa, to ya zama shara. Mota, waya, kujerun falo, duk ba su tsira ba.

Matarsa Hajiya Raudatu kuwa tana da wata tsohuwar laftof da marigayi mahaifinta ya saya mata ranar da ta samu gurbin jami'a. Da ita take zana wa mutane katin biki. Sai dai tsufa ya kama ta. A kunna ta, ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe, ta ƙi buɗewa.

Ran nan Alhaji ya shigo da sabuwa dal a kwali. Ya ce, "Maman Amira, ga taki. Waccan ranar Asabar 'yan jari bola za su tafi da ita."

Ta ce, "Haba Alhaji! Hannun Baba ne fa ya miƙo min ita."

Ya yi dariya. "To na ji. Ranar Asabar in ta buɗe kafin in shanye shayina, ta zauna. In ba haka ba, sai bola."

Ba ta ja da shi ba. Washegari ta naɗe ta a ɗankwali, ta nufi Kawaji wurin Diana, ƙawarta ta makaranta mai gyaran kwamfuta.

Diana ta kwance bayanta, ta duba, ta ce, "Ƙawata, lafiyarta ƙalau. Ma'ajiyar bayananta ce ta gaji. Mu sa mata sabuwar ma'ajiya da ake kira SSD, ƙarama ce amma akwai sauri, in kwashe miki komai in zuba a ciki."

Asabar ta zo. Alhaji ya harɗe a falo, an zuba masa shayi, har mai jari bola ya tsaya a bakin get da kurarsa. Alhaji ya ce, "Bismillah, kunna."

Ta danna. Wallahi yana cikin hura shayin, ko kurɓa bai yi ba, sai ga ta ta buɗe tar!

Ya ajiye kofi, ya leƙa gabanta, ya leƙa bayanta. "Kai! Wannan ita ce kuwa?"

Hajiya ta rungume abarta, dariya take yi hawaye na zuba, don daɗi. Ta ce, "Ita ce, Alhaji. Ciki aka gyara mata."

Ya dubi matarsa. Can ya ce, "Ashe ni ma in na tsufa ba za ki miƙa ni bola ba."

Ta ce, "Ina! Sai dai mu kai ka wurin Diana."

Darasi: Ba duk abin da ya tsufa ne ya ƙare ba, wani gyara kawai yake jira. Kafin ka yar da abu, tambayi mai shi darajarsa. Ku tura wa masu saurin zubar da kaya, ko Allah Ya sa su ji.