Ranar da Tanimu Mai Turare Ya Ce A'a

An ce wai a wata babbar kasuwa an yi wani mai sayar da turare ana kiransa Tanimu. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, aibinsa ɗaya: in magana za ta ba mutane dariya, ba ya tsayawa ya auna ta. Da ya haɗa wani sabon turare, sai ya ɗauki sankira ya riƙa zagaya rumfuna da kalangu yana rera cewa, "Shafa turaren Tanimu ka riƙo hannunta! In ta ce a'a ƙyale ta, a baki ne kawai!"

Samari suka yi ta dariya, turare ya yi ta tafiya. Tanimu har murmushi yake yi shi kaɗai in ya jiyo kiɗan.

Ba a yi mako biyu ba, wasu samari suka tare Delu mai fura a ƙofar kasuwa. Ɗaya ya fizgo mayafinta yana rera waƙar, sauran suna amshi. Da ƙyar ta ƙwace, kuma daga ranar ta daina fitowa kasuwa. Matan kasuwa suka kai ƙarar Tanimu wurin Sarkin Kasuwa, Malam Jibo, wani dattijo aminin marigayi mahaifin Tanimu.

Da aka kira Tanimu, ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ban taɓa kowa ba. Wasan talla ne. A hukunta samarin mana."

Malam Jibo ya ce, "Su suna hannun alƙali. Tashi, ɗana, mu je in ga turaren nan."

Suka tafi, mata na biye. A rumfar, dattijon ya miƙa hannu can sama ya ɗauko wata tsohuwar kwalba, turaren da mahaifin Tanimu ya bari, wanda Tanimu ko buɗe shi ba ya yi.

"Ka ba ni wannan?"

"Baba, wannan kam a'a. Ɗauki duk wanda kake so ban da shi."

Malam Jibo ya jefa ta aljihu, ya juya ga matan ya ce, "Kowa ta ɗebi abin da ranta ke so. In ya ce a'a ku ƙyale shi, a baki ne kawai."

Hannuwa suka yi caa a kan kwalabe. Tanimu ya baza hannu yana tarewa yana ihu, "Na ce a'a! A'a fa na ce!" 'Yan kallo suka fashe da dariya. Dariyar ce ta fi yi masa ciwo, don ya duba ko'ina bai ga mai jin maganarsa ba.

Dattijon ya ɗaga sanda, kowa ya tsaya. Ya mayar da kwalbar inda take, ya dafa kafaɗar Tanimu ya ce, "Ɗana, kwalba ce fa, ga shi kana ta ihu. Delu kuwa jikinta ta ce kada a taɓa. Ba kai ka ja mayafinta ba, gaskiya ne, amma kai ka koya wa kasuwa ta yi dariya lokacin da ake ja. Ubanka da ƙamshi ya sayar da turare, bai haɗa da mutuncin kowa ba."

Tanimu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga.

Aka yanke cewa sankiran ya sake bin rumfunan, Tanimu na gefensa, yana shelar cewa waƙar ƙarya ce. Bayan haka Tanimu ya je ƙofar gidan su Delu, ya aika yana neman izinin ba ta haƙuri. Ta aiko cewa ba ta son ganinsa. Ya ce, "Na ji," ya juya. Sai da ta yi wata guda ta dawo kasuwa don kanta, matan suka shimfiɗa mata tabarma a tsakiyarsu.

Masu hankali suka ce: abin da aka mayar abin dariya a bakin kasuwa, gobe wani zai aikata shi ba kunya, kuma wanda yake so a ji "a'a" ɗinsa, ya fara girmama na wani.