Shuɗin Alli a Gwangwanin Biskit

'Ya'yana, ku ajiye abin da kuke yi ku saurare ni. Har ke da kike karantawa kina tauna.

Akwai wata tela da ke aiki shago ɗaya da ƙanwarta, Auta. Ita tana kan keke, Auta tana guga da sa maɓalli. Telar nan ta rantse sai ta rage ƙiba. Ta daina karyawa, ta daina cin na rana. Amma akwai gwangwanin biskit a ƙarƙashin teburinta, wai na baƙi ne.

Kullum kafin a tashi, gwangwani ya koma rabi.

Sai ta fara yi wa Auta kallon gefen ido. In Auta ta yi tari, tela ta ce biskit ne ya shaƙe ta. In ta juya baya, tela ta ce tauna take.

"Yaya, lafiya kike bina da ido?"

"Lafiya lau. Kumatunki na ga suna ta yin albarka."

Ta sayo shuɗin alli, wanda ba ta taɓa zana yadi da shi ba, ta kankare ta barbaɗa a cikin gwangwanin.

Ranar wata mata ta zo ta zazzaga mata masifa kan rigar da ba a gama ba. Tela ta haɗiye fushi, ta duƙufa kan keke. Da yamma ta leƙa gwangwani, wayam.

A gaban masu karɓar ɗinki ta miƙe. "Buɗe hannunki, ɓarauniya!"

Auta ta buɗe, tas. Ta ce, "Yaya, je ki duba madubi."

Leɓen tela shuɗi, har haɓa.

Ta rantse ba ta tuna ko guda ɗaya da ta ci ba, kuma na yarda da ita. Yunwa da ɓacin rai ne suke aika hannunta, hankalinta yana kan allura.

Auta ta ɗauki jakarta ta fita. Yau sati biyu ba ta dawo ba.

Darasi: Kada ki horar da cikinki da yunwa. In za ki ci, ki zauna, ki ajiye aiki da waya, ki san me kike ci, ki san ko yunwa ce ko damuwa. Kuma kafin ki zargi wani, duba bakinki. Ku tura wa wasu.

Ku kuwa kun san su wa nake nufi, ciki ɗaya kuka fito. Na yi magana sun ƙi ji. Ku zaunar da yayarku ta ci abinci, ta ba Auta haƙuri. Ku sasanta mini su.