Lamba 217 a Cikin Fiffiken Jirgi

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, aka fara wannan cin amana. Na rubuta ranar don kada wani ya ce ya manta.

Akwai wani dattijo a unguwar Hadayek el-Maadi ta Alƙahira mai suna Malam Yakuba. Shekara talatin da biyu ya yi yana haɗa fukafukai a wani kamfanin gwamnati mai ƙera jiragen yaƙi a Alƙahira.

A ranar da na ambata, tsohon abokin aikinsa Haisam ya zo gidansa. Magatakarda ne a da, bai taɓa riƙe guduma ba. Yanzu shi aka ba aikin shirya ɗakin tarihin kamfanin.

"Ya Hajj, ara mini hoton nan naka da jirgin farko," in ji Haisam. "Mako guda, khalas, shi ke nan."

Hoton ke nan guda ɗaya da Yakuba ya mallaka. Ya ciro shi daga bango, ya goge da hannun rigarsa, ya miƙa masa.

Wata bakwai shiru. Ranar buɗe ɗakin, 'yarsa Huda ta kai shi. Ga jirgin a tsakiyar zaure, ga hoton an faɗaɗa shi a bango. Amma an yanke Yakuba, hannunsa kawai ya rage a kan fiffike. A ƙasa an rubuta cewa Haisam ne ya jagoranci haɗa shi.

"Baba, wannan ai zobenka ne," in ji Huda. Yakuba ya ce hannunsa ne, shi ya haɗa fiffiken.

Haisam ya yi dariya a gaban baƙi. "Tsufa ne, ku yi masa uzuri. Shayi yake kawo mana a lokacin."

Yakuba bai ɗaga murya ba. Ya dubi injiniyan da ke kula da jirgin, ya nuna masa katinsa na aiki, ya ce, "Ɗana, buɗe murfin da ke ƙarƙashin fiffiken hagu, ka haska."

Ga abin da mutumin ofis bai sani ba. A wancan zamani kowane maƙeri yana buga lambarsa a cikin ƙarfen da ya haɗa, don in jirgi ya faɗi a san wanda za a kama. Shekara talatin da biyu Yakuba yana zaune da tsoron wannan lamba.

Injiniya ya haska. 217, iri ɗaya da ta katin, a wuri goma sha ɗaya.

Haisam ya matso, ya raɗa masa, "Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajj."

"A gaban mutane ka yanke ni," in ji Yakuba. "A kunne za ka mayar da ni?"

Washegari aka cire rubutun a ɓoye. Har yau ba a sa sunansa ba, ba a dawo masa da hotonsa ba. Ƙusar da aka rataye hoton tana nan a bangon ɗakinsa, ya hana Huda cirewa.

Ni mai wannan rubutu, na koyar a makaranta shekara talatin da biyar. Ɗalibin da ya saci aikin wani, a gaban aji yake tsayawa ya ba da haƙuri.

Darasi: Wanda ya ɗauki alhakin aiki, shi ke da yabonsa, kuma amanar da aka ci a fili ba a biyan ta a raɗa. Ku tura wannan har ya isa ga Haisam. Ya dawo da hoton, ya tsaya a zauren da ya yi dariya, ya nemi gafarar Malam Yakuba a bainar jama'a.