Kwalayen Maganin Inna Laraba

Ku gyara zama, yau ku ne alƙalai.

A wani ƙauye bayan rafi akwai wata dattijuwa, Inna Laraba. Shekara tara tana shan maganin zuciya, ƙwaya ɗaya kowace safiya, tana harkokinta lafiya lau. 'Ya'yanta uku: Hansatu mai lalle da ke aure a birni, Sahabi manomi, sai autarsu Dije da ke zaune da ita.

Bana sai hidima ta yi yawa. Hansatu ta aiko mata da magani a koren kwali. Sahabi bai sani ba, shi ma ya sayo a kemis ɗin kasuwa, a farin kwali mai wani suna dabam. Inna ba ta yi boko ba, kuma kun san iyayenmu da kara. Ta ga in ta ajiye na ɗaya zai ji an raina ƙoƙarinsa, sai ta riƙa haɗa biyun. Jiri ya fara ɗibanta in ta ɗago daga sujada, kowa ya ce tsufa ne.

Hansatu ta zo biki, ta kama hannun uwar za ta sa mata lalle. Shekara ashirin tana riƙe hannun mata, ba ta taɓa jin jijiya mai nawa irin wannan ba. Ta ƙirga da agogon waya, bugu talatin da takwas a minti. Inna ta ce gajiya ce, a ƙarasa lallen. Hansatu ta wanke hannunta ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, yau ba za ki wuni a gidan nan ba."

Ga shi tsakiyar damina, rafi ya kawo, mota ba ta shigowa. Sahabi ya goya uwarsa ya shiga ruwa har ƙirji. A tsakiya ta some masa. Yana kuka yana kiran sunan Allah, bai dire ta ba sai a bakin titi.

A asibiti likita ta tambayi abin da take sha. Hansatu ta faɗi nata, Sahabi ya faɗi nasa, suka hau gardama, Inna ta sunkuyar da kai. Dije ma ta biyo su, ita kuwa da ma ba ta yar da ko gwangwani, har tsokanarta ake yi a gida. Ta kwance ƙullinta ta juye tsofaffin kwalaye a tebur. Likita ta jera su, ta ga magani ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Ninki biyu Inna take sha.

Bayan kwana uku aka sallame ta, bugun ya koma sittin da biyar. Aka gyara mata adadin, aka ja mata kunne kada ta ƙara ko ta daina da kanta, kuma duk wata a zo a auna. Ni da idona na gan ta tana sussuka ranar Juma'a, na ji daɗi ƙwarai.

Yanzu tana da karsana ɗaya, ta ce ta wanda ya ceto ta ce. Amma ku lura: Hansatu da Sahabi su suka sayo ba tare da sun tuntuɓi juna ba, Dije kuma kullum tana ganin ƙwaya biyu a tafin uwarta, kunya ta hana ta tambaya.

To, wa za a miƙa wa igiyar karsanar nan?