Kacallar Tsibirin Kanya

Akwai wani matuƙin kwale-kwale mai suna Muttaka, a wani ƙaramin ƙauye na bakin ruwa tsakanin Baturiya da Guri. Shi ba masunci ba ne kamar sauran mazan garinsu. Sana'arsa kai baƙi kallon tsuntsaye.

Kada ku yi dariya, sana'a ce. Idan ruwan kogin Haɗeja ya cika fadama ya fara ja da baya, mutane sukan taso tun daga Kano da Abuja, ɗalibai da malamansu, wani lokaci har da Turawa, don kawai su zauna cikin kwale-kwale su zuba wa tsuntsu ido. Mutanen ƙauyen sun daɗe da daina mamaki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ya sa baƙi suke neman Muttaka shi ne Tsibirin Kanya. Wani ɗan tudu ne a tsakiyar ruwa, mai manyan itatuwan kanya da ɓaure. A kansu zalɓe da jinjimi da balbela suke sheƙa, a gindinsu dinya da kirinjijiya suke kiwo, gauraki kuma suna taku kamar su suka sayi wurin. A bayan tsibirin akwai wani gurbi mai ruwa garai-garai. Baƙi sukan ɗaura gilashin nutso su kwanta a kan ruwan, suna kallon karfasa tana gadin 'ya'yanta a ƙasa.

Sai dai zuwa wurin ba wasa ba ne, domin kacalla ta kewaye shi ta ko'ina. Wanda bai san kacalla ba, wata doguwar ciyawa ce ta cikin ruwa wadda ta fi mutum tsayi. Ta cinye gonakin shinkafa, ta toshe hanyoyin ruwa, a cikinta tsuntsun jan-baki yake ɓuya ya fito ya ɓarnata hatsi. A ƙasar Haɗeja, idan kana son a yi maka amin da ƙarfi, to tsine wa kacalla.

Hanya ɗaya ce tak take ratsa ta zuwa tsibirin, 'yar siririya mai kwane-kwane. Mahaifin Muttaka, Baba Mala, shi ya yanke ta da lauje tun yana da ƙarfinsa. Kwale-kwale ɗaya take ɗauka, kuma da gora ake turawa. A tashi bayan asuba, sai hantsi ya dubi ludayi ake isa.

Da tsufa ya zo, idanun Baba Mala suka tafi. Ya miƙa wa Muttaka, autansa, gorar tuƙi, ya haɗa masa da magana ɗaya.

"Auta, tsibirin nan amana ne a hannunmu. Ka kai duk wanda kake so, amma kada ka faɗaɗa hanya."

Muttaka ya amsa da to. Kuma a gaskiya ya riƙe maganar shekaru. Kullum ya dawo da yamma sai ya zauna a bakin tabarmar tsohon ya ba shi labarin waɗanda suka ƙyanƙyashe da waɗanda suka iso daga nesa. Da wannan labarin Baba Mala yake gani.

Ana nan sai wata mata mai shirya tafiye-tafiyen buɗe ido daga Kano, Hajiya Adila, ta zo ta ɗauki bidiyon tsibirin ta sa a shafinta. Kafin ka ce kwabo bidiyon ya karaɗe wayoyi. A ciki an ga Muttaka tsaye da gorarsa, mutane suna ta kiransa Sarkin Tsuntsaye.

Daga nan kan mutumin naku ya fara girma. Ya sayi baƙin tabarau, ko sallar magariba da shi yake zuwa masallaci. Abokansa masunta suka koma masu ƙarnin kifi a bakinsa.

Da Hajiya Adila ta dawo, ta gaya masa cewa masu son zuwa sun yi yawa, kwale-kwalensa kuma ya yi kaɗan. Wasu suna kukan ciwon baya saboda nisan hanya. Ta ce tana da niyyar kawo jirgi mai inji, sannan ta tambaye shi ko akwai wata hanya mafi kusa. Tambaya kawai ta yi. Amma Muttaka ya ji kunyar Sarkin Tsuntsaye ya ce babu, sai ya daki ƙirji ya ce kafin ta dawo za ta samu hanya ɗoɗar.

Da yamma ya gwada zancen a gaban mahaifinsa, yana ta kewaye-kewaye. Tsohon ya gane inda aka dosa tun kafin a iso.

"Kacallar gonar mutane annoba ce, ban musa ba," in ji Baba Mala. "Amma ta tsibiri katanga ce. Wahalar shiga ita ta bar maka abin da kake nuna wa baƙi."

Muttaka bai yi musu ba, domin yana da ladabin baki. Sai da ya shiga ɗakin matarsa Saude ya saki dariyar da ya riƙe. Ya ce duk faɗin ƙasar Haɗeja Baba ne kaɗai yake yi wa kacalla kirari.

Saude ba ta taya shi dariyar ba. Ta ce in ma ya zama dole, ya kira gayya a yanka da lauje a hankali, a ga abin da ake taɓawa. Ya ce aikin lauje sai baɗi ba a gama ba, shi kuma ya riga ya yi wa Hajiya alkawari. Ta ce sauri kan haifi nawa. Ya ce ta ji da tukunyarta.

Abin da ya yanke shi ne abin da kowane manomi a yankin yake yi wa kacalla idan samanta ya bushe, wato wuta. Ya gani tun yana yaro, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, manomi yana sa wutarsa ne a gefen gona, inda fili zai tare ta. A nan kuwa babu abin da ke bayan kacallar sai tsibiri.

Wata rana bayan azahar ya ɗauki galan ɗin fetur da ashana ya fita shi kaɗai. Ya yayyafa a miƙe, daidai faɗin jirgi, kamar wuta ta san awo. Ya ƙyasta ya jefa.

Da farko ta bi inda ya nuna mata, har ya fara murmushi. Can sai iska ta juya.

Kacalla ta kama ta dama da hagu, tana ƙara kamar ana suyar gyaɗa a babban kasko. Muttaka ya ɗauki ƙwaryar kwarfe ruwa ya hau watsawa, amma ina. Zafi ya tura shi baya, ya koma fili yana kallo. Wutar ta zagaye tsibirin, ta haye busasshiyar ciyawar gindin itatuwa, ta hau rassa.

Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya har suka rufe rana. Marasa 'ya'ya suka yi gaba. Masu 'ya'ya a sheƙa kuwa suka yi ta kewaya hayaƙin suna kuka, wasu suna faɗawa ciki ba sa fitowa. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya masa a rai. Ya zauna a cikin kwale-kwale ya ɗora hannu a ka yana salati, babu mai jinsa.

Wutar ba ta mutu ba sai da ta rasa abin ci.

Hayaƙin ya isa ƙauye, Baba Mala ya shaƙa ya tambaya. Muttaka ya ce manoman hayin can ne suke ƙona gefen gonakinsu. Saude tana tsakar gida tana ji, ta sunkuyar da kai. Mutanen gari duk sun san gaskiya, amma suka yi wa tsohon kara, ba wanda ya kai masa.

Hajiya Adila ta zo da jirginta cike da baƙi. Hanya kam ta samu, ɗoɗar kamar yadda aka yi mata alkawari, kafin a gama gaisawa an isa. Suka tarar da baƙaƙen kututture a tsaye, da toka a kan ruwa. Gurbin da ake kallon kifi ya zama kamar ruwan wankin tukunya. Ba wanda ya ɗaga waya don ɗaukar hoto.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo da jajayen idanu.

"Malam Muttaka, ni hanya na tambaya. Ban ce ka ƙona gidan da za mu je ba."

Ba ta sake dawowa ba, kuma babu mai ganin laifinta.

'Yan tsuntsayen da suka rage ma ba su tsira ba. Tunda wuri ya buɗe, maharba suka shigo da bindigoginsu, masu manyan taru suka share gurbin kifin, masu gawayi suka sare abin da wuta ta bari. Muttaka ya tare wasunsu yana roƙo yana faɗa. Wani daga cikin masuntan da ya taɓa kira masu ƙarni ya dube shi ya ce, wanda ya cire ƙyaure ba shi da bakin hana shiga. Garin neman gira ya rasa ido, kuma ya sani.

Sana'a ta mutu. Ya koma dakon buhunan shinkafa da itace daga wannan gaɓa zuwa waccan. Amma wannan ba ita ce babbar azabarsa ba. Babbar azabarsa yamma ce, lokacin da zai zauna a bakin tabarmar mahaifinsa.

Kullum tsohon sai ya tambayi labarin tsibiri, kullum Muttaka sai ya ƙirƙiro. Ya ce gauraki sun ƙaru. Ya ce dinya ta fito da 'ya'ya. Baba Mala ya yi ta murmushi yana sa masa albarka, albarkar tana sauka a kan Muttaka kamar garwashi. Saude ta sha roƙonsa ya faɗi gaskiya ya nemi gafara tun da sauran lokaci. Ya ce ba zai iya ba, gobe dai. Haka damina ta zo ta wuce yana gobe.

Da ruwa ya sake ja da baya, ciwo ya kwantar da Baba Mala. Kowa ya ga alamar tafiya ce. Wata safiya ya kira autansa ya ce abu ɗaya yake so kafin ya bar duniya, a kai shi tsibiri ya ji kukan tsuntsaye. Muttaka ya kawo uzurin sanyi, ya kawo na jiki, tsohon ya ƙi karɓa. Ta yaya za ka hana uba mai barin duniya abin da kai da bakinka kake ce masa yana nan?

Ya shimfiɗa masa bargo a cikin kwale-kwale, ya jingina shi, suka kama hanya.

Kacalla ta sake tsirowa, don ita ba ta jin wuta, amma jiragen masunta sun riƙe tsakiyar a buɗe. Baba Mala ya miƙa hannu gefe, inda ya saba jin ganye yana shafarsa, ya ji iska kawai. Ya janye hannunsa.

Kwale-kwale ya daki gaɓa tun rana ba ta yi zafi ba.

"Me ya tsayar da mu, Auta?"

"Mun iso, Baba."

Tsohon ya karkata kunne dama, ya karkata hagu. Babu abin da ake ji sai ruwa yana lasar katako, da ƙarar injin wani jirgi daga nesa. Rana tana sauka a fuskarsa a inda inuwar kanya ta saba tarbarsa.

"To ina masu gidan?"

Muttaka ya buɗe baki zai ce sun tafi kiwo, ƙaryar ta ƙi fita. Ya ajiye gora ya durƙusa a gaban mahaifinsa ya faɗi komai, tun daga fetur har zuwa labaran yamma. Yana faɗa yana kuka irin na babban mutum, wanda ba shi da daɗin ji.

Ya so a ce tsohon ya zage shi, ko ya ɗaga hannu ya mare shi. Baba Mala bai yi ko ɗaya ba. Hawaye ne kawai suka gangaro daga idanun da ba sa gani.

"Wutar na yafe maka, Auta, kuskure ne. Amma kullum da yamma ina sa maka albarka a kan abin da babu." Ya maida numfashi. "Kai ni gida. Yau na makance."

Muttaka ya juya kwale-kwale. Ya kama hanyar gari.

Baba Mala bai sake tambayar labarin tsibiri ba, bai kuma sake kiran kowa bakin tabarmarsa da yamma ba. Kafin sati ya zagayo Allah ya karɓi abinsa.

Muttaka yana nan da ransa, yana dakonsa. Ya sha dasa 'ya'yan kanya a tsibirin, ambaliya tana tafiya da wasu, masu yada zango suna tattake wasu. Ko da ɗaya ta kama, kanya ba itacen gaggawa ba ce. Ya san ba zai ga inuwarta ba, balle tsuntsun da zai sauka a kai.

Darasi: Ba duk abin da ya tare maka hanya ne maƙiyinka ba, wani shingen shi yake tsare maka arziki. Kafin ka rushe abin da ka tarar, ka tambayi wanda ya bar shi a wurin dalilinsa, kuma kada yabon baƙi ya sa ka saki amanar gida. Idan kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, domin ƙaryar da aka rufe shi da ita ta fi shi ciwo. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ashana take hannunsa yanzu haka bai ƙyasta ba tukuna.