Usur a Kan Malam Tanko

Ku matso ku ji wannan, in na gama sai ku raba gardama.

A Zariya akwai wani tsohon kocin ƙwallon kwando, Malam Tanko. Yara uku ya koya wa wasa tun ba su kai kafaɗarsa ba: Sagir, Mudi da Zakari. Da suka girma duk suka zama alƙalan wasa, kuma har gobe Baba suke kiransa.

Ranar wasan ƙarshe na gasar gari, su ukun aka ba alƙalanci, ga ƙungiyar Malam Tanko a fili. Tun safe yake jin ƙirjinsa da nauyi, bai gaya wa kowa ba. Da wasa ya yi zafi sai ya shiga kai-komo yana faɗa, har ya taka cikin fili. Mudi da Zakari suka kau da kai don kunya. Sagir kuwa ya busa masa laifin rashin ɗa'a. Tsoho ya dube shi, ya koma benci ya zauna.

A irin wannan laifi jifa ɗaya ake ba abokan karawa, 'yan wasa su ja baya, kowane alƙali ya kama wurinsa. Sagir ya tsaya gefe, Mudi a ƙarƙashin kwando da ƙwallo, Zakari kusa da teburin masu rubuta maki, inda aikinsa shi ne ya sa ido kan mutanen benci. Wuri ya yi tsit, kowa na kallon mai jifa. Zakari kaɗai bai juya ba, shi ya ga kan Malam Tanko ya langaɓe. Ya busa usur, ya ruga.

Mudi ya yar da ƙwallo. Da ma ya taɓa koyon taimakon gaggawa. Ya kwantar da tsoho, ya yi ta danna masa ƙirji yana kiran sunansa, har numfashi ya dawo.

A asibiti likita ya shaida wa Malam Tanko cewa da ya ci gaba da wannan kai-komo, da zuciyar ta tsaya gaba ɗaya. Da kuma an yi jinkirin minti biyu ba a gani ba, ko an rasa mai danna ƙirjin, da sai dai wani labarin.

Ya dubi ukun nan da ke tsaye a bakin gado.

"Sagir, kai ka busa mini?"

"Ni ne, Baba. Ka yafe ni."

"Daidai ka yi. Matso in ga fuskarka."

Likita ya hana shi komawa fili. Yanzu ga ƙungiyar da ya yi rainonta shekara talatin, mutum ɗaya zai damƙa wa, kuma duk wanda ya duba a cikinsu sai idonsa ya cika da ƙwalla.

To, tsakanin wanda ya daure ya busa, da wanda ya tsare wurinsa ya gani, da wanda ya dawo da numfashi, wa ya kamata Malam Tanko ya ba?